Tanar Teku Mai Ganin Inuwa

Ku samarin da ke zama wurin mai shayi a bakin tashar Matameye, na san sunan da kuka sa mini, Habu Mai Tana. Ban ji haushi ba, don tanar na kama, da ita na ci na ciyar. Abin da ke ba ni haushi shi ne yadda kuke faɗin aikin, wai ba jari ba maigida, mutum ya duƙa kawai ya yi ta tsinta kamar mai roron gyaɗa. Jiya ma na ji ɗayanku yana cewa in rake bai yi kasuwa ba bana, Legas zai tafi ya shiga wannan aikin. To, jari akwai shi. Idonka ne jarin, kuma ba a dawowa da shi yadda aka tafi da shi.

Wanda ya kai ni shi ne Yaya Sale, ɗan wan babana, mai garka a kan hanyar Tsauni. Gajere ne kakkaura, ba ya son surutu, kuma a lokacin babu mai kaifin idonsa a dangi. Daga bakin garka zai gaya maka wanda ke tahowa a kan amalanke tun mu ba mu rabe jaki da sa ba. Shi ya fara gano aikin, lokacin da ya je ci-rani yana tura kurar ruwa a Legas, ya ga masunta na neman mai haƙo musu tanar da za su sa wa ƙugiya, mutanen wurin kuma sun raina aikin. Shekarar da na yi aure, da aka gama ɗaure gero, ya ce in haɗa kayana. Muka bi ta Ɗan Barto, muka kwana Kano, muka hau bayan kamyon shanu har bakin ruwa.

Ranar farko tsayawa na yi ina kallon ruwa yana tafiya. Ba wanda ya buɗe masa hanya, sai ga shi yana ja da baya, ya bar fili na baƙar laka wanda ya fi gonakin unguwarmu duka faɗi. Yaya ya ce haka yake yi kullum, ya tafi ya dawo, kuma kowace rana yana ɗan makara a kan ta jiya, don haka mai wannan aiki ba shi da lokacin kansa, na ruwa yake bi. Muka naɗe wanduna muka shiga. Ni kuwa na yi abin da kowane manomi zai yi, na ba rana baya, don tun muna yara haka aka koya mana a gona. Ban yi nisa ba sai na ga lakar da ke gabana ta yi wani motsi gaba ɗaya, sannan ta yi tsit, ba komai sai ƙananan ramuka.

"Kai, Habu! Ka kore mini kasuwar yau," in ji Yaya. "Dubi inda inuwarka ta kai."

Ya ja ni muka zagaya har rana ta dawo cikin fuskarmu. Ya duƙa, ya soka dagi, ya ɗago laka, ya zaro ɗaya ya shimfiɗa ta a tafin hannunsa. Ba irin tanar garka ba ce da kuka sani. Wannan ta kai tsawon kamu, gefe da gefe duk ƙafafu ne masu gashi, tana da baki mai ƙaya biyu da take fitarwa in ta fusata. Ya nuna mini kanta da farce, ga ɗige-ɗige baƙaƙe guda huɗu.

"Ka ga waɗannan? Idanu ne. Ba ta san fuskarka ba, amma ta san inuwa, don da inuwa tsuntsu ke zo mata. In inuwarka ta riga ka isa, ta shige ƙasa zira'i guda, sai gobe. Rana kullum a gabanka. Da safe ka dubi gabas, da yamma ka dubi yamma."

Wannan ita ce dokar aikin, sauran duk koyon hannu ne. Kayan aikin ba su da yawa. Akwai dagi gajere mai faɗin baki, wanda muke sa maƙeri ya ƙera mana a nan gida, don na can ba ya jure ruwan gishiri. Akwai tsohuwar safa da ake cusa ruɓaɓɓen kan kifi a ciki a ɗaure da igiya. Sai gwangwani da buhun garara. Za ka ja safar a hankali a kan ruwan da ya rage, ɗan siriri wanda bai rufe idon sawu ba, warin ya shiga ramuka, su fara leƙo da kai. Ka zaɓi ɗaya, ka soka dagi a karkace ta ƙarƙashinta don ka tare mata hanyar komawa, ka ɗago, ka kama ta a bayan kai. Ja kuma sai da lallashi. In ka fizga ta tsinke, tsinkakkiya kuwa ba ta kai azahar, ta mutu ta ɓata sauran da ke cikin gwangwani. Gashin nan nata yana shiga fata ya karye a ciki. Makonnin farko yatsuna sun kumbura har da cokali nake cin tuwo, Yaya yana shafa mini man kaɗanya yana cewa hannun amarya gare ni.

Wani mutumin Yauri da ya biyo mu daga baya, mai tsabta ne ƙwarai, ya ga tanarsa duk laka, ya ce ba zai kai wa mutane ƙazanta ba. Ya tafi famfo ya wanke su tas da ruwan daɗi. Kafin ya iso bakin jirage duk sun yi fari sun saki. Ruwan da muke sha shi ne ajalinsu. A damshin yashin wurinsu ake ajiye su, a rufe da jiƙaƙƙen buhu, a kai su da rai.

Babbar mai sayenmu wata Bayarabiya ce mai kwalekwale da yawa, Iya muke ce mata. Masuntanta mamari suke sakawa, igiya ɗaya ƙugiya ba iyaka, kowace kuma sai da tana. Iya ba ta taɓa kaya da hannu. Za ta sa ka buɗe gwangwani a rana, ta wuce da tafin hannunta ta sama. In suka zabura suka dunƙule, ta karɓa. In suka yi kwance ba su kula da inuwar ba, ta ture gwangwanin da ƙafa, ko magana ba za ta yi maka ba. Ran Lahadi kuma akwai Kwarori da manyan ma'aikata masu zuwa da sandar fatsa mai ƙyalli don nishaɗi. Su manya-manya suke so, kuma sai ka soka musu a ƙugiya da kanka, suna toshe hanci.

Yanzu ku tsaya ku ji abin da ba a gaya wa mai shirin tafiya. Mai wannan aiki rana biyu yake kallo, ɗaya a sama, ɗaya a cikin ruwan da ke kwance kan laka, kuma ta ƙasan ta fi mugunta, don cikinta kake neman kan tana. Malafa tana tare ta sama, ba abin da take yi wa ta ƙasa. Za ku ce a sa baƙin tabarau. Mun sa. Kan tana da laka kusan launinsu ɗaya, cikin baƙin tabarau duk sai su haɗe, ka wuni ba ka cika rabin gwangwani ba. Duk wanda ya saya, aljihu yake ƙarewa da shi. Da magariba ido zai yi ta zafi kamar an watsa barkono, mu zizara tozali mu kwanta. Bayan wasu shekaru sai wani jan nama ya fara tsirowa daga gefen hanci yana rarrafowa wajen baƙin ido. Ga nawa nan a na hagu, duk mai so ya matso ya gani. Bayan jan naman kuma sai yanar ido, farin nan da ke rufe gani.

Na daɗe ban gane Yaya ya fara ba, don mutum ne mai ɓoye ciwo. Na dai lura ya koma barina ina shiga gaba, shi da ba ya yarda kowa ya riga shi. Wata safiya na ga ya lallaɓa, ya soka dagi da kyau, ya ɗago guntun igiyar jirgi.

Na ce, "Yaya, igiya ce."

Ya ce, "Na sani. Taurin ƙasar nake gwadawa."

Sai da muka koma rumfarmu, bayan la'asar, ya ce, "Habu, kamar an shafa mini koko a ido. Na dama ya fi, amma na hagun ma ya kama hanya. Kada ka gaya wa Harira." Harira matarsa ce, tana nan gida da 'ya'ya, babbansu Lawali.

Daga ranar muka haɗa aiki. Ni nake gani in soka dagi in ɗago, shi ya sa hannu cikin lakar ya zaro. Hannunsa kuwa bai taɓa tsinka tana ba. Haka muka yi rani bayan rani, kuma abin da muke kamawa mu biyu ya fi na mutum biyun da ke aiki dabam-dabam. Da damina in mun dawo, ƙafarsa ta san hanyar gona, Lawali yana gefensa, mutane suna cewa Sale dai girma ya zo, ya rage sauri.

Sai mummunar shekara ta zo, kuma ta kowane gefe ta zo. A gida ruwa ya ɗauke tun gero bai nuna ba, abin da muka ɗaure bai kai a kira shi girbi ba. Muka tafi da wuri, muka tarar da wani jirgi ya kafa a bakin filinmu da bututu mai faɗin da mutum zai rarrafa ciki, yana aman yashi dare da rana. Wai gidaje za a gina. Lakar da muka sani rami-rami ta koma tudu fari, tanar duk ta mutu a ƙarƙashi. Wadda ta rage sai a wani tsibiri can ciki, inda sai da kwalekwale ake zuwa. Lakar can tana kama mutum har gwiwa, ruwan kuma ba ta gaba yake dawowa ba, ta ƙoramu yake zagayowa ta baya, in ba ka gan shi da wuri ba, sai ya raba ka da jirgi. Mai kwalekwalen ya ga yadda Yaya ke laluben bakin jirgi kafin ya sa ƙafa. Ya kira ni gefe ya ce gobe kada in zo da shi, in ruwa ya ci makaho shi za a kama. Ban ga laifinsa ba, amma na ji kamar in mare shi.

Yaya ya koma zaman rumfa yana ɗinkin buhu da lalube. Ni kaɗai nake fita, gwangwani ɗaya ya zama na gida biyu. Ana cikin haka saƙo ya zo cewa rumbunsa ya ƙare tun sanyi bai wuce ba, Harira ta fara sayar da awaki.

A kwanakin ne wani masuncin Iya ya dawo daga can tsakiyar teku da wani abu a kwalba, mutane suka taru suna kallo. Tana ce ita ma, mai gashi a gefe irin tamu, amma siririya, jikinta garau kamar ruwan da take ciki, sai ka karkata kwalbar kake ganinta. Abin da ake gani sarai idanunta ne, guda biyu jajaye, ƙwala-ƙwala, kowanne ya fi kan nata girma. Masuncin ya ce irin wannan ba ta san laka ba, a sarari take yawo, kuma ba inuwa kaɗai take gani ba, ko ɗan abu ƙanƙani ya gifta ta gan shi. Ya kai yatsa jikin kwalbar, ta kauce tun bai taɓa ba. Yaya ya ce a ba shi. Ya kai kwalbar har tana taɓa hancinsa, ya juya ta wajen haske, ya daɗe.

"Ja-ja biyu nake gani," ya ce. "Duk wannan ido ne?"

Na ce ido ne.

"Tana ke nan fa. Ita me za ta kalla a can? Ba gona, ba 'ya'ya." Sai ya yi istigfari ya miƙa kwalbar. Washegari ya ce in kai shi asibiti.

Likitan da ya duba shi ya yi mana magana mai daɗi. Ya ce yanar ido ce, ana cire ta, mutum ya gani. Amma akwai layi, sai bayan wasu makonni, kuma in an yi aikin ba duƙawa, ba ruwan laka, ba rana, har ya warke sarai. Gaskiya ya faɗa. Sai dai in aka haɗa jiran da jinyar, rani ya ƙare ke nan, kuma Yaya ba ranaku yake dubawa ba, rumbunsa yake dubawa.

A unguwar Hausawa kuwa ana ta labarin wani baƙo mai aikin ido, wanda ke yi a zama ɗaya, ka zo da jagora ka koma da ƙafarka. Na yi faɗa iya faɗa. Ban taɓa ɗaga wa Yaya murya ba sai ranar.

Na ce, "Yaya, ido ba maruru ba ne da za a yi masa sakiya a kan tabarma. Ka jira likita, ni zan riƙe."

Ya ce, "Da gwangwani ɗaya? Gidana za ka ciyar ko naka?"

Washegari na ja hannunsa na kai shi wurin baƙon.

Mutumin ya zaunar da shi a tabarma yana fuskantar haske, wani ƙato ya riƙe masa kai. Ya ɗiga wani ruwa, ya ɗauko allura doguwa, ya soka ta gefen ido, ya tura yanar ta faɗa can ciki. Ba fitar da ita yake ba, ture ta yake daga hanya. Ya ce jibi zai bar gari, don haka gara a yi duka biyun. Aka yi. Da ya cire hannu, Yaya ya ƙifta, ya juyo, ya ce da ƙarfi, "Habu, ga ka nan! Rigarka shuɗiya ce!" Mutane suka yi kabbara. Ni ma na yi, kuma na yi murna har cikin raina, ba zan ɓoye muku ba.

Yaya bai jira komai ba. Da kumburin ya ɗan sauka ya tafi wurin mai kwalekwale da kansa, ya shiga jirgi ba lalube. Ganin ba garau ba ne, ya ce komai a narke yake, amma yana rabe kan tana in ya duƙa sosai. Ya wuni fuskarsa dab da laka, rana a gabansa, ruwan gishiri na fallatsa masa, yana kamawa yana dariya. Tun da nake da shi ban taɓa jin ya yi waƙa a bakin aiki ba sai ranar.

Kafin mako ya zagayo idanun sun yi jajir sun kumbura sun rufe, ruwa mai kauri na fita. Ciwon ya kai mutumin da ba ya cewa wash yana buga kansa da ginshiƙin rumfa. Na je neman mai allurar, aka ce ya yi gaba, ba wanda ya san ina. A asibiti suka ba da magani ciwon ya lafa, amma suka ce gani kam sai dai haƙuri. Na ɗauko shi muka taho gida tsakiyar bazara, lokacin da ba mai dawowa daga ci-rani sai mara lafiya ko gawa. A tasha mutane suna yi masa barka da zuwa, yana amsawa yana juya fuska inda ba kowa. Harira ta fito ta ga hannunsa a kafaɗata, ta zauna a ƙasa a ƙofar gida.

Na kai shi Damagaram don kada a ce ba a gwada ba. Likitan can ya haska masa fitila a ido ɗaya, ya haska a ɗayan, ya tambaye shi ko ya ga wani abu. Ya ce a'a. Likitan ya dube ni ya ce, "Wa ya taɓa idon nan?" Na gaya masa. Bai yi faɗa ba, ya kashe fitilar kawai ya ce da yanar kaɗai ce da aikin safiya ɗaya ne.

Yaya ya koma zaure yana tufka igiyar kaba. Ni na ci gaba da zuwa, ina raba abin da na samu, amma nawa idon ma ya fara ja baya, kuma igiya ba ta ciyar da gida mai baki da yawa. Garkar tasa aka jinginar. Kaka ta sake zuwa ba yabo, lokacin Lawali ya zama saurayi, dogo, mai ido irin na ubansa a da.

Ana saura kwana kaɗan in tafi, Yaya ya aika a kira ni da sassafe. Na tarar da shi tsaye a tsakar gida, ya sa an kwara ruwa a ƙasa har ya kwanta yana ƙyalli, tsohon daginsa a hannun Lawali. Harira tana bakin madafa ta ba mu baya.

"Habu, da shi za ka tafi bana."

Na ce, "Yaya, ka fi kowa sanin abin da aikin nan ke ci. A nema masa wani abu. Ko turin kura, ko dako."

"Masu kura sun fi masu sayen ruwa yawa, kai ka gaya mini. Wannan ne babu mai so. Ka tsaya ka duba mini in ya yi daidai, ni ba na gani."

Ya juya a hankali yana neman rana da fuskarsa, har ya ji ɗuminta a goshi. Ya laluba ya kamo kafaɗar ɗansa, ya juyo da shi wajen, ya danna ƙeyarsa ƙasa har yaron ya duƙa kan ruwan. Hasken ya daki Lawali a fuska ya runtse ido ya kau da kai. Yaya ya shafa fuskarsa da yatsu, ya ji idon a rufe, ya ji hawaye. Ya share masa da hannun rigarsa, sannan ya kama haɓarsa ya mai da ita inda take.

"Buɗe, Lawali," ya ce. "Buɗe, ɗana. In ka rufe ba za mu ci ba."

Yaron ya buɗe.